Ku Tambayi Likita: Abin da Zomaye Suka Nuna Game da Ciwon Bawul ɗin Zuciya

Wasiƙu huɗu suka zo mini a wannan watan a kan ciwo guda, wato kamuwar bawul ɗin zuciya da ƙwayoyin bakteriya, wanda likitoci suke kira endokadaitis. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowacce tana komawa ga gwaje-gwajen da aka yi a kan zomaye da ɓeraye tun daga shekarar 1970.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 16 tana kwance a asibiti, yau kwana 12. An ce ƙwayoyin cuta ne suka kama bawul ɗin zuciyarta, wanda dama ya sami matsala tun tana ƙarama. Zazzaɓin ya sauka tun a kwana na biyar, tana cin abinci, har tana hira da 'yan dubiya, amma an ce sai ta cika mako shida ana yi mata allura ta jijiya. Kuɗi sun fara ƙare mana, hannuwanta kuma duk sun kumbura saboda kanula. Me zai hana a ba mu ƙwayoyi mu koma gida? Daga wata uwa, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya kuma ba ku ikon jinya. Roƙona gare ki shi ne kada ku fitar da ita sai likitocinta sun sallame ta da kansu, ga kuma dalili.

Zuciya tana da bawul huɗu, kowanne kamar ƙyaure ne da ke buɗewa ta gefe guda don kada jini ya koma baya. A ƙasarmu abin da ya fi lalata wannan ƙyaure ga yara da matasa shi ne zazzaɓin rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani yadda ya kamata ba. Idan fuskar bawul ta yi kaushi, sai jini ya riƙa ajiye zaren daskarewa da ake kira fibirin a wurin, tare da ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni. Duk ranar da bakteriya suka shiga jini, ko daga dasashi ko daga ƙurji ko daga allura marar tsafta, sai su maƙale a wannan wuri, jini kuma ya ci gaba da ɗora musu fibirin kamar yadda magini ke ɗora yaɓe bisa yaɓe. A haka ake samun wani curi a jikin bawul ɗin, wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai girman wake ko ya fi. A cikin giram ɗaya na wannan curi ana iya samun bakteriya biliyan 1 zuwa biliyan 10. Curin ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta kuma da ƙyar suke kutsawa ciki. Saboda haka taimakon da jiki yake ba wa magani idan ciwon huhu ne ko ƙurji, a nan kusan babu shi, maganin ne zai yi aikin shi kaɗai.

A shekarar 1972 wasu likitoci biyu a Oksfod ta Ingila, David Durack da Paul Beeson, suka binciki curin da suka ciro daga zukatan zomaye, suka gano cewa bakteriyan da ke bakin curin ne kawai suke ci suna hayayyafa, na can ciki kuwa, bayan kwanaki kaɗan, sukan kwanta luf kamar masu barci, suna da rai amma ba sa motsi. Wannan binciken shi ne ginshiƙin amsar tambayarki. Fenisilin da danginsa suna kashe bakteriya ne a lokacin da take gina katangar jikinta domin ta rabu gida biyu, maganin ya hana ginin ya haɗu, ƙwayar ta fashe. Wadda ta kwanta ba ta gini, don haka maganin zai wuce ta kusa da ita bai taɓa ta ba, sai ranar da ta farka. Idan ta farka ta tarar da magani a jini, ta mutu. Idan ta farka ta tarar an daina allura, sai ta sake cika curin.

An ga haka ƙuru-ƙuru a jikin dabbobin. Akan yi wa zomo magani na 'yan kwanaki har jininsa ya fita tas a gwaji, sannan a dakatar da maganin a jira, idan aka buɗe zuciyar bayan wasu kwanaki sai a tarar ƙwayoyin sun dawo. An kuma ga cewa magungunan da ke tsayar da hayayyafar bakteriya kawai ba tare da sun kashe ta ba, irin su tetarasaikilin, ba sa gamawa da wannan ciwon. Tun kafin zomayen ma, a shekarun 1940 lokacin da fenisilin ya fara samuwa, likitocin Birtaniya sun lura cewa mai wannan ciwon idan aka ɗura masa magani mai yawa cikin 'yan kwanaki ciwon yakan dawo, idan kuma aka ja maganin ya yi makonni sai ya warke. Zomayen ne suka bayyana dalilin. Saukar zazzaɓin 'yarki alama ce mai daɗi cewa jininta ya fara tsabtata, amma ba ta nuna halin da tsakiyar curin yake ciki ba, idan kuma ciwon ya dawo yakan dawo ne a kan bawul ɗin da ya ƙara lalacewa.

Maganar ƙwayoyi kuwa ba ki yi kuskure da kika kawo ta ba. An yi wani gwaji a Denmak a kan marasa lafiya 400, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa wasu za su iya ƙarasa maganin da ƙwayoyi. Sai dai duk waɗanda aka sa a gwajin sun yi aƙalla kwana 10 ana yi musu allura, an san takamaiman ƙwayar da ta kama su da magungunan da ke kashe ta, an zura na'urar hoto ta maƙoshi an tabbatar babu mugunya a gindin bawul, an ba su magani iri biyu tare, ana kuma ganinsu a asibiti sau biyu ko uku a mako. Ki tambayi babban likitan da ke duba ta ko 'yarki ta cika waɗannan sharuɗɗa, shi ne yake da sakamakon gwaje-gwajenta a hannu. Ki kuma nuna wa ma'aikatan jinya kumburin hannun domin a sauya wurin kanula, sannan ki nemi ofishin tallafa wa marasa lafiya na asibitin ki faɗa musu halin da kuke ciki tun kuɗin ba su ƙare gaba ɗaya ba.

Tambaya: Malam Likita, ni ɗalibi ne a sashen haɗa magunguna. Muna yawan jin ana cewa an gwada magani kaza a kan zomo mai ciwon bawul. Ta yaya ake sa wa zomo wannan ciwon, kuma me ya sa ake yawan haɗa magani biyu a kansa? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗalibi, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Zomo mai lafiya, ko an zuba masa bakteriya masu yawa a jini, da wuya su kama bawul ɗinsa, sai an fara ji wa bawul ɗin rauni. Dabarar yin hakan ta fito ne daga Jami'ar Yale ta Amurka a 1970, a hannun Garrison da Freedman, waɗanda suka fara da ɓangaren dama na zuciya, daga baya aka mayar da ita ɓangaren hagu inda ciwon ya fi kama mutane.

Ana sa zomon barci da magani, a tsaga wuyansa kaɗan, a zura wani siririn bututun roba ta babbar jijiyar wuya har ya ratsa bawul ɗin awota, wato ƙyauren babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, ya shiga ɗakin hagu na zuciya, sannan a ɗaure shi a ɗinke fatar. Duk bugun zuciya bututun yana gogar bawul, cikin kwana ɗaya ko biyu sai curin fibirin ya fito, babu ƙwayar cuta a cikinsa tukuna. Daga nan sai a yi wa zomon allurar bakteriya ta jijiyar kunne, wadda ake ganinta ƙarara idan an ɗaga kunnen. Washegari kusan dukkan zomayen sun kamu. Sai a raba su rukuni-rukuni, wasu a ba su magani ɗaya, wasu biyu, wasu a bar su babu magani domin a sami abin kwatantawa. Bayan 'yan kwanaki a kashe su ta hanyar da ba za su ji zafi ba, a ciro curin da ɗan hantsaki, a auna nauyinsa, a niƙa shi a cikin ruwan gishiri, a tsarma shi mataki-mataki, a shafa a kan faranti mai abincin bakteriya, kashegari a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Wannan ƙidaya ita ce hukuncin maganin. A ƙarshen shekarun 1970 aka soma yin irin wannan a kan ɓeraye, masu bincike a Lozan ta Suwizalan kuma suka yi fice a kansa.

Gwajin da ya fi burge ni a duk wannan fage shi ne wanda Anne-Claude Crémieux da Claude Carbon da abokan aikinsu suka yi a Faris, aka buga a 1989. Sun sa wa magunguna alamar sinadari mai fitar da haske da farantin hoto ke iya kamawa, suka yi wa zomaye allurarsu, suka yanka curin siriri-siriri suka ɗauki hotonsa. Tobaramaisin ya bazu ko'ina a cikin curin daidai wa daida. Fenisilin ya shiga ciki, amma ya fi taruwa a gefe, yana raguwa yayin da ake nufar tsakiya. Taikofilanin kuwa ya tsaya a baki kamar zobe, tsakiyar ta zauna wayam. Ka ga ke nan maganin da ya kashe ƙwaya a cikin kwalbar gwaji, ya kuma kai adadin da ake so a jini, yana iya kasa isa inda ƙwayar take zaune. Ka riƙe wannan a duk lokacin da kake karanta takardar sakamakon gwaji.

Haɗa magani biyu ya samo asali ne daga ƙwayar enterokokas, mazauniyar hanji. Fenisilin shi kaɗai yana tsayar da ita amma ba ya kashe ta sosai, jentamaisin da ɗan'uwansa sitireftomaisin kuma ba sa iya ratsa katangarta su kai ga wurin da take ƙera furotin, inda nan ne aikinsu yake. A 1971 Moellering da Weinberg suka nuna cewa idan fenisilin ya raunana katangar, sitireftomaisin yana kwarara ciki da yawa, wato ɗaya ya fasa ƙofa, ɗayan ya shiga ya yi kisa. Zomaye sun tabbatar da haka. A 1974 Merle Sande da Irvin suka nuna cewa irin wannan haɗin yana tsabtace curi da sauri fiye da fenisilin shi kaɗai a kan sitireftokokas, wata bakteriya mazauniyar baki, wannan kuma yana cikin hujjojin da suka sa ake iya yi wa wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya maganin mako biyu maimakon huɗu.

Matsalar jentamaisin ita ce yana cin ƙoda, yana kuma taɓa ji da daidaiton tafiya, ga shi wasu enterokokas sun daina jin sa kwata-kwata. A nan ma zomaye suka buɗe hanya. A 1999 Joan Gavaldà da abokan aikinsa a Basalona ta Sifaniya suka haɗa amfisilin da seftiriyazon, haɗin da kowa zai ɗauka ɓata magani ne, tunda seftiriyazon shi kaɗai ba ya yi wa enterokokas komai. Sirrin shi ne ƙwayar tana da magina katanga iri daban-daban, amfisilin ya kama wasu, seftiriyazon ya kama sauran da take dogara da su idan na farkon sun tsaya. Haɗin ya yi aiki a zomo, aka gwada shi a kan mutane, rahotannin 2007 da 2013 suka nuna yana warkarwa kamar tsohon haɗin ba tare da yawan lalata ƙoda ba. Yau yana cikin magungunan da ake farawa da su.

Tambaya: Likita, ni dai ban gamsu ba. Zomo ba mutum ba ne, ta yaya za a dogara da shi a kan ran ɗan Adam? Sannan ba zalunci ba ne a sa wa dabba ciwo da gangan? Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malam, maganarka ta farko gaskiya ce, masu binciken da kansu ma sun yarda da ita. Zomon gwaji matashi ne mai ƙoshin lafiya, ba shi da ciwon sukari, ƙodarsa garau take. An zuba masa ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, alhali mutum yakan kamu ne da 'yan kaɗan. Bututun da aka bari a zuciyarsa baƙon abu ne, don haka ciwon nasa ya fi kama da na mai bawul ɗin roba ko ƙarfe. Ana yi masa magani na kwanaki ne, abin da ake aunawa kuma yawan ƙwayoyi ne a curi, ba wai ko ya rayu ya koma harkokinsa ba. Jikin zomo da na ɓera kuma suna fitar da magani da sauri fiye da na mutum, abin da ya sa daga baya aka riƙa haɗa su da famfon da kwamfuta ke sarrafawa, yana tura maganin yana rage shi a hankali domin hawa da saukarsa a jinin dabbar su yi daidai da na mutum.

Akwai inda dogaro da zomo ya kai likitoci ga kuskure. A tsakiyar shekarun 1970 gwaje-gwajen zomo na Merle Sande da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙara jentamaisin a kan dangin fenisilin yana kashe wata bakteriya mai suna sitafilokokas a curi da sauri, sai likitoci suka rungumi haɗin. Da aka gwada shi a kan mutane, a binciken da Korzeniowski da Sande suka buga a 1982, jinin waɗanda aka ba haɗin ya riga tsabtata da kamar kwana ɗaya, amma yawan waɗanda suka rayu bai sauya ba, matsalar ƙoda kuma ta fi yawa a cikinsu. An ɗauki shekaru masu yawa kafin a bar al'adar, yanzu ƙa'idojin jinya na Turai da Amurka ba sa ba da shawarar ƙara jentamaisin ga mai sitafilokokas a bawul ɗinsa na halitta. Abin da zomon ya nuna daidai ne, ƙwayoyin sun mutu da sauri, amma tambayar ko saurin ya cancanci asarar ƙoda ba a jikinsa za a sami amsarta ba. Sande ɗin da ya yi gwajin zomo shi ne kuma ya sa hannu a gwajin mutanen da ya rage wa sakamakonsa ƙarfi, ni kuwa ina ganin wannan a matsayin abin yabo a gare shi.

Duk da haka ba na ganin za a iya yin watsi da dabbobin. Ba za a buɗe zuciyar mai rai a kwana na uku na jinya don a ga inda magani ya kai ba, ba za a kuma bar wasu marasa lafiya babu magani don kwatance ba, tunda kafin zuwan fenisilin kusan duk wanda wannan ciwon ya kama mutuwa yake yi. Game da zalunci, ba zan ɓoye maka ba, dabbar tana shan wahala, zomon da sitafilokokas ya kama idan ba a yi masa magani ba yakan mutu cikin 'yan kwanaki. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da kwamitocin ɗa'ar bincike ke aiki da su har yau: a nemi abin da zai maye gurbin dabba idan akwai, a rage yawan waɗanda za a yi amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu zafi. Saboda haka ne aka ƙirƙiro curin gwaji da ake haɗawa da fibirin da ƙwayoyin jinin mutum a cikin kwalba, a tace magunguna a kansa kafin a kai ga dabba. Mu da aka hore mu da kyautata wa dabba ko a wurin yanka, bai kamata mu yarda a taɓa zomo ɗaya ba sai a kan tambayar da babu wata hanyar amsa ta.

Tambaya: Likita, an sa mini bawul na ƙarfe shekara 4 da suka wuce, yanzu kuma za a cire mini haƙori. Wani ya ce in sha magani kafin a cire, wani ya ce an daina wannan. Wanne zan bi? Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Alhaji, ka sha, bisa umarnin likitanka. Wannan shawarar ma daga dabbobi ta sami ƙarfi: a 1983 Michel Glauser da abokan aikinsa a Lozan suka nuna cewa amoksisilin sau ɗaya tak kafin a zuba ƙwayoyin baki a jini yana kare bawul ɗin ɓera, muddin ƙwayoyin ba su yi yawan da ya wuce kima ba. A kan mutane hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta taƙaita shi ga masu babban haɗari a 2007, Ingila kuma ta daina ba da shawarar shan sa gaba ɗaya a 2008. Wanda ya ce maka an daina, nan ya samo maganarsa. Amma mai bawul ɗin ƙarfe da wanda ya taɓa yin wannan ciwon suna sahun gaba a cikin waɗanda ƙa'idojin Amurka da Turai suka ce a ba su. Abin da aka saba ba wa babba shi ne amoksisilin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin aikin, sau ɗaya. Idan fenisilin ba ya karɓarka ka faɗa domin a sauya maka. Ka kuma sanar da likitan haƙori cewa kana shan maganin tsinka jini, kada ka dakatar da shi da kanka.

Akwai abin da ya fi damuna a kan masu irin lalurarka. Sau da yawa mai bawul yakan yi zazzaɓi, a ce maleriya ce ko taifot, ya biya kyamis ya sayi kafso ya sha na kwana uku, zazzaɓin ya lafa ya dawo, ya sake sayen wani. Ranar da ya iso asibiti aka ɗebi jininsa don a raini ƙwayar, sai kwalbar ta ƙi tsirar da komai, domin ɗan maganin da ya sha ya share na cikin jini ya bar na cikin curi, daidai yadda aka gani a zomo. Daga nan likita sai ya koma lalube, ya haɗa magunguna masu tsada da nauyi a kan ƙoda saboda bai san abokin gabarsa ba. Idan ka yi zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko uku bayan cire haƙorin, ko a kowane lokaci ma, ka je asibiti da katinka na aikin zuciya, ka ce kana da bawul na ƙarfe, ka nemi a ɗebi jini sau uku daga wurare daban-daban kafin ka haɗiyi ƙwaya ɗaya ta antibayotik.